Fedar birki na sauka ƙasa a tsohuwar mota mai diram: ina ake saitawa?

"Assalamu alaikum. Na gaji wata tsohuwar Volkswagen Beetle ƙirar 1964 daga kawuna. Ta daɗe a ajiye, kwanan nan na tashe ta. Duka ƙafafunta huɗu birkin diram ne. Idan na taka birki sai feda ta kusa taɓa ƙasa kafin ya kama, amma idan na saki na sake takawa da sauri sai ta tashi sama ta yi tauri. Kuma motar tana ɗan ja zuwa hagu. Wani ya ce in ɗaure wayar birkin hannu, wani kuma ya ce in ƙara tsawon sandar feda. Yaya ake saita irin wannan birki, kuma zan iya yi da kaina?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa ka more ta lafiya. Idan na fahimce ka, feda tana tafiya mai nisa a takun farko ta gyaru a na biyu, motar tana karkata hagu, kuma an ba ka shawara biyu da kake kokwanto a kansu. Kokwanton naka yana kan hanya. Kada ka taɓa wayar birkin hannu yanzu, sandar feda kuwa ka bar ta yadda ka same ta. Birkin diram a ƙafa ake saita shi, a jikin kowace taya, kuma duk wanda ya iya ɗaga mota da jak ya tokare ta da kyau zai iya yin aikin. Sai dai motar da ta yi shekaru a ajiye tana bukatar a duba ta kafin a saita ta, kuma a nan ne zan fi jan hankalinka.

Abin da ke sa feda ta yi nisa

Diram ganga ce ta ƙarfe da ke juyawa tare da taya. A cikinta akwai shu guda biyu masu lanƙwasa, kowane an manna masa lainin a baya, wato shimfiɗar da ke gogar diram. Idan ka taka feda, masta, wato famfon da feda ke dannawa, tana tura man birki ta cikin bututu zuwa ƙaramar silindar da ke kowace ƙafa, fistin ɗin silindar ya buɗe shu su matse cikin diram. Da ka ɗaga ƙafa, sifirin masu ƙarfi su janyo shu su dawo su zauna a kan ajasta, wato ɗan ƙarfen da ake saita nisansu da diram da shi. Tsarin tsoho ne ƙwarai, tun 1902 Louis Renault ya fito da irinsa, kuma a lokacin da sanduna da wayoyi ake jan sa. Birki mai aiki da mai ya biyo baya, kamfanin Ford ma bai koma gare shi ba sai 1939.

Ka lura da wurin da shu ke komawa. Kullum wuri ɗaya ne, wato kan ajasta. Lainin yana cinyewa a hankali, amma wurin zaman shu bai motsa ba, saboda haka ratar da ke tsakanin lainin da diram tana ƙara faɗi. Rata ce da ba ta kai milimita ɗaya ba, amma shu takwas ne a motarka, kuma kowane sai an tura masa mai ya cike tasa ratar kafin birki ya fara kamawa. Masta kuwa ɗan man da take iya turawa a taku ɗaya ƙayyadadde ne. Sai feda ta cinye rabin tafiyarta ko fiye wajen cike gibi kawai. Birkin faifai ba ya wannan, domin fistin ɗinsa yana matsowa da kansa yayin da fad, wato nasa lainin, ke cinyewa. Shi ya sa wanda ya saba da motocin zamani yakan yi mamakin jin cewa akwai birkin da ake saitawa da hannu.

Tashin feda a taku na biyu ma daga nan yake. Idan ka saki ka sake takawa da sauri, sifirin ba su gama mayar da shu ba, masta kuma ta riga ta janyo ƙarin mai daga tanki, sai takun na biyu ya fara daga inda na farko ya kusa tsayawa.

Amma ba kowace doguwar feda ce ta saiti ba, kuma ƙafarka za ta iya rarrabewa. Idan feda ta yi nisa amma inda ta tsaya da tauri kamar ka taka dutse, saiti ne. Idan tana da taushi kamar soso, akwai iska a cikin layi, ko tiyo ya tsufa yana kumbura. Idan ka taka ka riƙe da matsakaicin ƙarfi na rabin minti ka ji tana zarcewa ƙasa a hankali, to mai na zuba a wani wuri ko robar cikin masta ta mutu, kuma wannan motar ba ta hawa titi sai an gyara. Ga wani gwaji da nake yi kafin in ɗauko ko sifana ɗaya: ja birkin hannu har ka ji ya yi ƙara sau biyu ko uku, sannan ka taka feda. Idan ta tashi sama fiye da ɗazu, shu na baya sun yi nisa da diram, domin wayar ta matso da su kusa. Daga abin da ka bayyana na fi karkata ga saiti, amma ban taka fedar da ƙafata ba, kuma a motar da ta daɗe a tsaye ana yawan samun saiti da iska a tare.

Duba kafin saiti

Motarka layin birki ɗaya gare ta. Ma'ana masta mai ɗaki ɗaya ce ke ciyar da duka ƙafafun huɗu, kamar yawancin motocin da aka ƙera kafin ƙarshen shekarun 1960. Idan tiyo ɗaya ya fashe ko robar silinda ɗaya ta saki, birkin ƙafa ya tafi gaba ɗaya, sai na hannu kawai. Saboda wannan ne ba na yarda in saita birkin motar da ta daɗe a ajiye ban ga cikinsa ba.

Fara da tankin man birki, a wannan ƙirar yana cikin but ɗin gaba bayan safaya. Idan man ya yi baƙi ko ya ragu sosai, ya riga ya ba ka labari. Man birki mai lambar DOT 3 ko DOT 4 yana shan damshi daga iska, ruwan kuma yana sa tsatsa a cikin silinda ya kuma rage zafin da man zai iya jurewa. Sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Salsiyas, amma wanda ya sha ruwa yana iya saukowa kusan 155. A canja shi duka. Kada a haɗa shi da DOT 5, wancan na silikon ne, kuma kada man inji ko wani mai na daban ya shiga ko ɗigo, domin yana kumbura robobi.

Sannan ka dubi tiyo huɗun nan na roba. Lanƙwasa kowane da hannu, idan ka ga tsagewa a canja. Ni dai idan ban san shekarun tiyo ba canja shi nake yi, domin yana iya rubewa daga ciki alhali bayansa lafiya lau.

Cire diram na gaba ba wuya, sai dai ka tuna notin gefen hagu haƙoransa a juye suke, ta hannun agogo ake kwance shi, kuma wayar sifidomita ta ratsa ta cikin wannan gefen. Na baya kuwa noti ne mai milimita 36 da aka ɗaure da ƙarfi kusan Nm 300 a ma'aunin ƙarfin ɗaure noti, ana sassauta shi ne motar tana ƙasa, kuma dole a mayar da shi da wannan ƙarfin a sa sabon fil. Idan ba ka da kayan yin haka, wannan ɓangaren ka kai wa makanike. Idan diram ya ƙi fita, yawanci wani baki ne da ya taso a gefensa yake riƙe shu, sai a sassauta ajasta tukuna.

Ƙurar da za ka tarar a ciki kada ka hura ta da baki ko da iskar famfo. Tsofaffin lainin da yawa da asbestos aka yi su, kuma shaƙar ƙurarsa na lalata huhu. Jiƙa ta da maganin wanke birki ka goge da tsumma, da takunkumi a fuskarka.

Ɗaga robar bakin kowace silinda ka leƙa. Idan akwai danshin mai, silindar na zuba. Tura fistin da yatsa ka ga ko yana motsi. Dubi lainin: idan ya kusa kai kan ƙusoshin da suka riƙe shi, ko ya fara ɓallewa daga shu, ko ya jiƙe da mai ko giris, a canja, kuma na ƙafafu biyu na gatari ɗaya, wato na gaba biyu ko na baya biyu, ake canjawa tare. Lainin da ya sha mai ba ya wankuwa, zafi na sake fito da man. Diram ɗin Beetle faɗin cikinsa milimita 230 ne, iyakar cinyewarsa 231.5. Wanda ya wuce haka ya yi siriri, yana saurin zafi, kuma lanƙwasar shu ba za ta dace da tasa ba ko yaya ka saita.

Abu na ƙarshe, boris na gaba. Kama taya sama da ƙasa ka girgiza. Idan tana wasa, diram ma yana wasa, kuma duk saitin da ka yi a haka na banza ne.

Saitin kansa

A yi shi birki yana sanyi, a fili mai tauri wanda ba gangara. Sa waigi a tayoyin da ke ƙasa, ɗaga motar, ka ɗora ta a kan ƙarafan tokara. Jak na ɗagawa ne kawai, ba a amince masa da rai. Saki birkin hannu gaba ɗaya, giya a furi. Idan wani ya taɓa ɗaure wayoyin birkin hannu, sassauta notinsu a gindin hannun, tsakanin kujerun gaba, har su yi sako-sako.

A motarka kowane shu yana da nasa ajasta, wani ƙaramin ƙarfe mai haƙora kamar tauraro. Biyu ne a kowace ƙafa, takwas ke nan. A ƙirar 1964 ta fuskar diram ake kai musu: cire murfin taya za ka ga rami a jikin diram, ka juya taya har ramin ya zo daidai tauraro, ka haska da tocila. A ƙirar da suka biyo baya an mayar da ramukan jikin farantin baya, wanda shu ke maƙale a kansa, an toshe su da roba. Sukundireba mai faɗin baki ya isa.

Taka feda da ƙarfi sau uku ko huɗu tukuna don shu su zauna a tsakiya. Sai ka sa bakin sukundireba a haƙorin tauraro ka juya shi haƙori ɗaya-ɗaya, kana juya taya da ɗaya hannun. Kada ka damu da haddace ɓangaren da ake juyawa, domin taurarin biyu na ƙafa ɗaya saɓanin juna suke tafiya. Juya haƙora huɗu ko biyar, idan taya ta fara nauyi ka kama hanya, idan ba ta yi ba ka koma ɗaya ɓangaren. Ci gaba har taya ta ƙi juyawa da hannu. Tashi ka sake taka feda da ƙarfi, ka dawo ka gwada. Sau da yawa za ka tarar ta saki, domin shu ya gyara zama, sai ka ƙara har ta sake kamawa. Mutane da yawa suna tsallake wannan takun na tsakiya, shi ya sa suke gamawa su sauke mota su tarar feda ba ta canja sosai ba.

Daga nan sai ka dawo da tauraro baya. Littafin Volkswagen haƙora uku zuwa huɗu ya ce. A aikina nakan tsaya a inda taya ta fara juyawa ba nauyi, ana jin ɗan gogar lainin kaɗan-kaɗan, kuma yawanci hakan na faɗawa tsakanin biyu da huɗu. Sautin gogar ba laifi ba ne matuƙar hannu ba ya jin riƙo. Abin da nake kiyayewa shi ne adadin da na dawo da shi a hagu shi zan dawo da shi a dama. Gama shu ɗaya sannan ka koma na biyu, kada ka haɗa su, in ba haka ba ba za ka san wanda ke riƙewa ba.

Tayar baya tana da nauyin giya da gatari a kanta, ba za ta yi juyi sakayau kamar ta gaba ba. Juya ta ka ji nauyinta tun kafin ka fara, don ka san da me za ka kwatanta.

Idan ka ji gogar na zuwa tana ɗaukewa a kowane zagaye, diram ya ɗan kauce daga da'ira. Kaɗan ba ya hana aiki, ka saita da wurin da ya fi matsewa. Idan ya yi yawa har feda na bugun ƙafarka a tafiya, sai an kai shi an feƙe a injin, muddin bai wuce iyakar da na faɗa ba. Idan kuma tauraro ya ƙi juyawa, wanda shi ne abin da nake tsammani a motar da ta daɗe a tsaye, kada ka dake shi har haƙoran su karye. Cire diram da shu, zare tauraron, goge tsatsar, shafa ɗan giris mai jure zafi a jikin haƙoran ciki kawai. Akwai wani siririn ƙarfe mai danna tauraron don kada ya juya da kansa, idan ya karye saitin ba zai zauna ba.

Ga masu wasu motocin, ƙa'idar ɗaya ce, ajastar ce ke bambanta. A tsofaffin Land Rover wani noti ne a bayan faranti mai juya ƙarfe mai siffar katantanwa. A Mini ta da kai ne mai kusurwa huɗu, yana da tasa sifana, kuma duk wanda ya kama shi da filaya ya murje kan zai yi da-na-sani. Motocin Amurka da yawa daga farkon shekarun 1960 suna da tauraro ɗaya mai saita kansa idan an taka birki ana tafiya da baya, kuma idan za ka sassauta shi sai ka tura ƙarfen da ke riƙe shi da siririn sukundireba na biyu. A irin waɗannan, shu mai gajeren lainin shi ke kallon gaba.

Sai ka gama saitin ƙafafu huɗun sannan ka cire iskar da ke cikin layin mai, kana farawa da ƙafar da ta fi nisa da masta. Cire iska alhali shu na nesa da diram wahala ce kawai, feda ba za ta yi tauri ba.

Shawarwarin da aka ba ka

Ɗaure wayar birkin hannu yana ɗaga feda kam, shi ya sa ake ruɗuwa da shi. Amma abin da yake yi shi ne ya hana shu na baya komawa mazauninsu, sai su rataya a jikin waya. Lainin ya riƙa cinyewa ta gefe ɗaya, wayar ta miƙe, diram ya yi zafi, na gaba kuma ba a taɓa su ba. Birkin hannu shi ne na ƙarshe a jeri. Bayan an saita shu, ja hannun ƙara biyu ko uku, ka ɗaure wayoyin biyu har tayoyin baya su yi nauyi daidai da juna. A ƙara na huɗu ya kamata su kulle, idan ka saki kuma su juya kamar ba a taɓa su ba.

Sandar feda ta fi haɗari. Tsakanin bakin sandar da fistin ɗin masta akwai rata kusan milimita ɗaya, wadda ake ji a matsayin wasan milimita 5 zuwa 7 a saman feda. Ratar ce ke barin fistin ya koma baya sosai ya buɗe wani ƙaramin rami da mai ke komawa tanki ta cikinsa. An taɓa kawo mini wata mota da aka ƙara wa sandar tsawo don a ɗaga feda. Da safe lafiya take tashi, bayan tafiyar kilomita goma sai ta fara nauyi, har ta kai ba ta motsi, duka diram huɗun sun yi zafin da ba a iya taɓawa. Mai shi ya canja shu, ya canja silindu biyu, duk a banza. Ramin nan ne ya toshe, man ya yi zafi ya kumbura ya rasa hanyar komawa, sai ya matse birki da kansa. Na dawo da sandar yadda take, matsalar ta ƙare a cikin minti goma. Har yau ina jin takaicin wahalar da bawan Allah nan ya sha a kan shawarar da aka ba shi da kyakkyawar niyya.

Jan da take yi hagu

Kada ka sa rai saiti kaɗai zai magance wannan. A birki mai aiki da mai, da zarar shu sun taɓa diram ƙarfin man ɗaya ne a kowane gefe, saboda haka bambancin saiti kan jawo ɗan fizga ne a farkon taku kawai. Ja mai ɗorewa yana nufin gefe ɗaya ya fi ɗaya kamawa. Mota tana karkata ne zuwa gefen da ya fi ƙarfi, don haka idan tana ja hagu, fara zargin ƙafar gaba ta dama: fistin da tsatsa ta riƙe, tiyon da ya toshe daga ciki, ko lainin da ya sha mai. Wani lokaci kuma na hagun ne ya ɗan jiƙe da man birki yake cafka da wuri. Auna iskar tayoyi tukuna, ka kuma tabbata lainin hagu da na dama iri ɗaya ne.

Idan ka gama, gwada a wurin da ba mutane, da gudun da bai wuce kilomita 20 ko 30 a awa ba, hannunka kusa da birkin hannu. Sannan ka yi tafiyar kilomita biyu ko uku ba ka yawan taka birki, ka tsaya ka kusantar da bayan hannunka ga kowane diram. Ɗumi ba komai, amma wanda ya fi 'yan'uwansa zafi sosai yana riƙewa, a dawo masa da haƙori ɗaya. Sabon lainin ba ya zama daidai da diram sai ya yi 'yan kilomita ɗari biyu ko uku, sai feda ta ɗan sauka, a sake saitawa. Daga nan kuma ka riƙa dubawa duk kilomita 10,000, ko da zarar ka ji tafiyar feda ta ƙaru.

Ko an saita shi daidai, birkin diram na 1964 ba zai tsayar da kai kamar na motar yau ba. Zafi yana taruwa a cikin ganga, ƙarfen ya buɗe ya nisanci shu, lainin kuma ya rage kamu, shi ya sa a doguwar gangara sai ka sauko zuwa giya ta uku ko ta biyu ka bar inji ya riƙe motar. Idan ka ratsa ruwa mai zurfi, ka ɗan taka birki a hankali kana tafiya har ya bushe. Idan kuma bayan saiti da cire iska feda ta ci gaba da wuce rabin tafiyarta, ko tana zarcewa idan ka riƙe, a cire masta a duba ta kafin motar ta sake fita.